Mazarin da na yi kiwo a Jabi

A shekarun da Abuja ke ta tsiro da benaye, ni kewar rafin ƙauyenmu ce ta dame ni, wanda ke gangarowa daga dutse, shuɗɗan mazari suna shawagi a kansa. 'Yata Hauwa ba ta taɓa ganin mazari ba. Da na je hutu sai na ɗebo ruwan wani gurbi a gefen rafin, 'yan ƙwari suna wutsil-wutsil a ciki.

Na juye a baho a barandarmu ta Jabi, na tara iyali na yi musu lacca: mazari a ruwa yake girma, sannan ya hau kara ya tuɓe fatarsa, ya fito da fukafukai.

Matata ta leƙa ta ce, "Baban Hauwa, anya ba sauro ba ne?"

Na tuna mata cewa a bakin rafin nan na girma.

Kullum Hauwa na tsugune gaban bahon tana jira. Fukafukai kuwa sun fito. Har maƙwabta sai da suka sayi gidan sauro.

Yanzu Hauwa ta yi aure, amma da sauro ya yi mata kuka a kunne sai ta bugo waya: "Baba, ga mazarinka ya kawo ziyara."