Jiƙon Simintin Labaran

"Duk abin da yake gari, ruwa na narkar da shi! Sukari, gishiri, kanwa, takin zamani, duk na san lagonsu."

Labaran ke nan, mutumin Yankara. Wata biyu ya yi yana gadin wani gini a Kaduna lokacin da kuɗin fetur suka ɓarke. Ya dawo da hular kwano da buhun siminti ɗaya, ya ce a riƙa kiransa Injiniya. Mu dai Ganga Ba Ciki muke ce masa.

Ya rantse ɗakinsa ne zai fara shan daɓen siminti a garin. Ya gayyato matan unguwa ranar Alhamis. Tun Litinin ya jawo randar matarsa Kulu, wadda ta gada wajen uwarta, ya juye siminti, ya cika ruwa, ya dama da muciya, ya bar ta a ciki.

"Malam, randata!" in ji Kulu.

"Ke mi kika sani? Makubar ɗorawa ma sai ta kwana uku a jiƙe ake daɓe da ita, balle kayan Turawa."

Maƙwabcinsa Malam Rabo ya leƙo. "Injiniya, abin nan kwanciya yake yi, ba narkewa ba."

"Tsima yake yi, Baba."

Ranar Alhamis mata suka zo da madaɓai, an yi dambu, har da mai kalangu. Gogan ya gyara hula, ya kama muciya. Muciya ta ƙi. Ya dafa randa da ƙafa ya ja, sai ga Injiniya zaune daɓas, hula tana gangarawa.

"Sanyi ne ya daskarar da shi. A kawo tafasasshen ruwa!"

Aka zuba. Shiru.

"Kanwa!"

Shiru. Aka bi da ruwan tsamiya, da toka, har da kananzir. Kananzir ya taso yana yawo a sama, dutse ko gezau. Mata suka riƙe ciki, mai kalangu ya sake kiɗa.

"Ka fidda mini randata lafiya, ko in tafi gidanmu Mairuwa," in ji Kulu.

"Ɗan girgizawa kawai yake so."

Ya ɗauko taɓarya ya ƙwanƙwasa. Randa ta tarwatse. Sai ga ƙaton dutse mai siffar randa sak, muciya tsaye a ka.

Kulu ta yafa mayafi ta nufi ƙofa.

"Haba uwargida! Yaushe za ki dawo?"

"Ran da ya narke."