Ramar da Na Ɗauko Daga Lyon

Shekara talatin na yi ina noma a Maradi kafin kasuwanci ya kawo ni Paris, saboda haka ban yarda akwai ganyen da zai ɓace mini ba. Ranar da zan baro gidan Sani, ɗan ƙanwata, a Villeurbanne kusa da Lyon, na ga an yar da tukunyar shuka a bakin shara. Shukar gajeriya ce, ta yi cunkus, ganyenta faffaɗa mai yatsu. Na ce rama ce, sanyi ya hana ta tsawo. Na rungume ta na shiga jirgin ƙasa, ina tunanin kwaɗon da matata Hajiya za ta yi.

Da jirgi ya tashi na tura wa Sani hotonta. Nan take ya kira.

"Kawu, wiwi ce! Irin gajeriyar nan mai kwantar da mutum. Ba ka ji warinta ba?"

Na ji, amma na ɗauka taki ne.

Awa biyu babu tasha, ga katin izinin zamana a ƙasar saura wata guda a sabunta. Na kulle kaina a ban ɗaki, ina tsinke ganye ina zubawa a masai ina kora ruwa, ana buga ƙofa ina salati. A tashar Paris karen 'yan sanda ya dube ni, sai na ji na yi masa sallama.

Kare ya ƙyale ni, Sani bai ƙyale ni ba, ya baza labarin har Paris. Har yau in na shiga masallacinmu a unguwar Belleville sai wani tsoho ya matso, ya rage murya: "Alhaji, sabon kaya ya iso?"