Ranar Da Na Zama Mai Rabon Layi

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba zan manta da ranar da na kai wa Kawu abinci ofishinsu ba. Kawu shi ke kula da oba-oba, rediyon da ake aika saƙo da ita. Garuruwanmu duk hanyar magana ɗaya suke bi, don haka wani mutum ne a Kano yake rabo. Sai ya ce, "Bebeji, koma layi na biyu, kai ne da magana." Kowa sai ya yi tsit. In wani ya danne maɓallinsa, to ya toshe wa kowa.

Na daɗe ina kwaikwayon muryar mutumin nan a gida (har Inna takan ce na fi shi iyawa). Kawu na fita alwala, ya ce, "Kai, ko ƙuda ya sauka a kan rediyon nan, kada ka kore shi."

Ƙafarsa ba ta gama fita ba na danne maɓallin. Na buɗe maƙogwaro: "Nan Kano! Doguwa, yi mana shiru, ba lokacinka ba ne. Tudun Wada, koma layi na tara!" (Babu ma layi na tara.) Daɗi ya ɗebe ni, na yi wa kaina kirari, na faɗi sunana da na babana da unguwarmu.

Da na saki, sai na ji wata murya: "Kano, Doguwa ce. Tun ɗazu muke neman mota. Kububuwa ta sari wani makiyayi, ƙafar ta kumbura har cinya."

Sai muryar mutumin Kano na gaske ta fito, a sanyaye: "Ɗan gidan wane, mun gode. Ka gama?"

Na juya, ga Kawu a ƙofa, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Bai dake ni ba. Wallahi na so ya daka.

Makiyayin ya rayu, amma an yanke ƙafar. Babu wanda ya ce ni na ja, babu kuma wanda ya ce ba ni ba ne. Kawu aka mayar da shi gadin ƙofa.

Yanzu ko achaɓa na hau zuwa Ƙafin Maiyaki, sai an ce, "Kano, a ba mu layi mana!" Ni kuwa ko gaisuwa ce, sai an kira sunana nake buɗe baki.