Ɗakin da Na Kulle a Gidan Hayata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, da ranar Asabar ɗin da na tsaya gaban mutanen unguwa a Gwadangaji don in kori 'yar hayata saboda ƙazanta.

Ni ma'aikaci ne a Argungu. Shekara da shekaru ina matse cikina har Allah ya sa na gina gida a unguwar Gwadangaji da ke Birnin Kebbi: ɗaki uku da falo, da wani ƙaramin ɗaki kusa da ƙofar shiga. Tun ranar da aka gama fenti tafiyata ta canza. A majalisarmu ta bayan la'asar kuwa na zama malamin harkar haya, ina ba mutane shawara kamar mai rukunin gidaje, alhali gida ɗaya tak gare ni, shi ma ban gama katangar baya ba. Babbar hikimata ita ce: "In za ka ba da haya, ka bar ɗaki ɗaya a kulle, makulli a aljihunka, don ɗan haya ya riƙa tunawa gidan da mai shi." (A mota na ji wani yana faɗin haka, amma na mayar da ita tawa.)

Wadda ta kama gidan ita ce Iya Kafayat, Bayarabiya mai sayar da kayan roba a kasuwa. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'yan mata uku, duk suna makaranta. Ta daɗe a Kabi har Hausarta ta fi tawa gishiri. Ranar da za ta tare ta roƙe ni in haɗa mata da ƙaramin ɗakin ta riƙa ajiye kayan sana'arta. Na gyara hula na ce mata wannan ɗakin mai gida ne, ba ya cikin lissafi.

To, ɗaki a kulle babu komai ciki yana cin rai. Gab da damina wani abokin aikina ya ce kifin banda ya yi araha, duk wanda ya saya ya ɓoye zai dara in ruwa ya cika gulbi. Na kai wa matata maganar. Ta dube ni ta ce, "Kai da ko kifin miya ba ka iya zaɓe ba?" Sai na yi abin da jarumai ke yi, na saya a ɓoye. Kwali shida na tarwaɗa na ɗora a mota daga Argungu, na lallaɓa na zuba a ɗakin nan lokacin da Iya ke kasuwa. Don kada ƙamshi ya tona mini asiri, na naɗe kowane kwali da leda, na ɗaure tam. Na rufe taga, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ban da haka, mai buga kwano ya taɓa gaya mini akwai inda rufin ɗakin ke buƙatar gyara, na ce masa mu bari ruwa ya sauka mu gani.

Ruwa kuwa ya sauka.

Bayan kamar mako uku Iya ta kira ni a waya. "Alhaji," ta ce (ban je Makka ba, amma ban taɓa gyara mata ba), "wari na hita ɗakin ga naka. Ka taho ka buɗe mu gani."

Na yi murmushi ni kaɗai. Wato dabara ce ta karɓe ɗakin! Kifin da ya sha hayaƙi ai ba ya lalacewa, haka na yi imani, ban kuma tambayi ko masunci ɗaya ba a garin da ke cike da masunta. Na ce mata ta duba makwararar gidanta. Ta sake kira, na ce ina taro. Ta kira na uku, ban ɗauka ba.

Sai maƙwabcinta Malam Garba, tsohon malamin makaranta, ya kira. Ya ce ƙudaje sun hana su zaman ƙofar gida, mata sun fara tsegumi, wasu har sun hana 'ya'yansu shiga gidan Iya. A nan na tafka abin da har yau in na tuna nake jin nauyin kaina. Na ce, "Malam, ka san mutanen nan da irin girkinsu." Washegari na rubuta wa Iya takardar tashi, wata ɗaya, a daidai lokacin da babbar 'yarta ke shirin jarrabawar ƙarshe. Iya ba ta da inda za ta nufa da yara uku a tsakiyar damina, sai ta kai kukanta wurin Mai Unguwa, shi kuma ya ce a haɗu a gidan ranar Asabar da hantsi.

Na iso cikin farar shadda, na sha turare. Tun daga bakin titi, kafin in sauka daga Keke Napep, warin ya tare ni, amma na daure na shanye. Mai Unguwa na tsaye, ga Malam Garba, ga maƙwabta wajen goma, ga mata suna leƙe ta katanga. Ganin jama'a sai bakina ya buɗe. Na yi jawabi a kan tsafta, na yi a kan amanar dukiyar mutane, har na ce in ba don mutunci ba da duba-gari zan kira. Iya na tsaye hannuwa a ƙirji tana kallona.

Mai Unguwa dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce a zagaya. Muka shiga kicin, tas, tukwane a kife suna ƙyalli. Muka duba bayan gida da makwarara, babu abin kushewa. Sai ya juya yana bin hancinsa a hankali, muna biye da shi kamar masu rakiya, har ya tsaya a ƙofar ƙaramin ɗaki. Ƙudaje sun yi baƙi a jikin ƙofar, wani ruwa-ruwa na tsattsafowa daga tsumman da na toshe.

"Mi ac cikin ɗakin ga?" ya tambaya.

"Ragowar siminti ne, ranka ya daɗe."

Malam Garba ya ce, "Ikon Allah. Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa jin siminti da ƙuda ka so ba."

Na fara laluben aljihu ina cewa kamar na baro makullin a Argungu. Mai Unguwa ya nuna mini shi da sandarsa, yana lilo a jikin makullin ofis da ke hannuna. Na buɗe.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Mai Unguwa, mutumin da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, sai ga shi a waje. Malam Garba ya cire hula ya rufe fuska yana salati. Ruwan sama ya bi ta ɓular kwano ya jiƙa komai, leda ta riƙe zafi, kwalaye sun zube, tsutsa ta yi gari. Ni kuma don in nuna mamaki na taka ciki ina cewa, "Wa ya kawo wannan?" Santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas da farar shaddata. A gefena, a jikin kowane kwali, ga cikakken sunana da manyan baƙaƙe, kamar yadda 'yan tasha suka rubuta ranar da aka yi lodi. Malam Garba, da yake malami ne, ya karanta wa jama'a da ƙarfi.

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Iya kaɗai ba ta yi ba. Ta dube ni ina zaune cikin abin da na shuka, idonta ya kawo ruwa.

"Wata guda ina wankin gidan ga sahe da marece," ta ce. "Ɗiyana ba su iya cin abinci. An ce muna ƙazamai, an hana yara shigowa. Kai ko ka san abin da ka aje, Alhaji."

Dariyar ta mutu. Faɗuwar ba ta ba ni kunya kamar wannan maganar ba. Na so ƙasa ta tsage, amma ko ƙasar wurin ba ta shiguwa.

Hukuncin Mai Unguwa gajere ne. In yaga takardar tashi, in kwashe kayana da hannuna, in gyara kwano, in miƙa wa Iya makullin ɗakin. Sannan, tunda a bakin mutane aka ɓata ta, in bi gida-gida in faɗi mai warin. Na ce ko zan fara canza kaya? Ya ce kayan nan su ne shaida.

Haka na bi layin nan, gida tara, ƙudaje na mini rakiya, Iya na biye da ni. A kowace ƙofa in yi sallama in ce, "Warin nan nawa ne, ba na Iya Kafayat ba." A gida na ƙarshe na faɗa ƙasa-ƙasa don murya ta ƙare. Sai na ji ta daga baya: "Hwaɗi da ƙarhi, Alhaji, tsohuwar gidan ga ba ta ji sosai."

Na faɗa da ƙarfi. Iya na nan a gidan har yau, 'yarta ta ci jarrabawarta.

Don haka, kai mai shirin ba da haya, ga shawara daga wanda ya zauna a cikinta. In ka ba da gida, ba da shi duka, kada ka bar kusurwar da za ka riƙa ɓoye wautarka. Ka gyara kwano tun rani. In kuma ɗan haya ya kira ya ce wani abu na wari, ka je da hancinka kafin ka je da takarda, don mai yiwuwa ne kai ne.