Likkafanin Iliya da Tankin Motata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka binne Iliya ba, ko da na so in manta. Mutanen garinmu ma sun ɗauki alkawarin tuna mini har in koma ga Allah.

Sai na fara gaya muku halina da mota, don ku san wanda kuke saurare. Ina da wata tsohuwar akori-kura da nake kwasar masara da waken suya daga ƙauyenmu, can gaba da Maska, zuwa Funtua. Allurar da ke nuna mai ta mutu tun kafin in saye ta, ni kuwa ban ga dalilin tayar da matacce ba. Karan dawa nake zurawa a tanki, in zaro, in auna jiƙon da yatsa. Yatsa uku, Funtua da dawowa. Ban taɓa cika tankin nan ba, ko da sallah. In na hau gangara sai in kashe ta, ta gangara da ikon Allah. Bitrus makanike ya yi magana har ya gaji: "Alhaji, dattin gindin tanki kake ba ta tana sha, wata rana za ta rama." Na ce masa mota kamar jaki ce, in ta ƙoshi lalaci take yi. (Alhajin nan ma mota ce ta jawo mini shi. Iyakata da gabas Zariya.)

Iliya kuwa abokina ne tun muna kiwon awaki. Tare aka sa mu firamare, tare muka gudu a aji uku. Ya rasu wata Laraba da hantsi, tsakiyar damina, aka sa jana'iza bayan Azahar. Aka aika shagon garin a yanko alawayyo, aka tarar ya ƙare. Kabiru, babban ɗansa, ya kira mai babur zai aike shi Funtua, sai na miƙe a tsakiyar mutane.

"Ina raye a ɗauko likkafanin Iliya a babur? Wallahi ba a yi ba. Da hannuna zan kawo shi."

Mutane suka yi ta "Allah ya saka", ni kuwa har da share ƙwalla. Ƙwallar ta gaskiya ce, wannan ko a gaban alƙali zan rantse. Amma kuma na so a gan ni, wannan ma gaskiya ce.

Na zura kara, na ga yatsa uku cif. Abin da na ƙi tunawa shi ne motar a karkace take tsaye a ƙofar gidana, ɗan man da ke ciki duk ya taru wuri guda yana yi mini ƙarya. Na isa Funtua lafiya, tela ya haɗa komai ya sa a leda. A hanyar fita na wuce gidan mai biyu. Na farko na ce akwai layi. Na biyu ba kowa, mai zuba man ma hamma yake yi, na ce sauri nake. Ba sauri ba ne, hali ne. Sannan don wayona ya cika, na bar titi na yanki hanyar gonaki, wai ta fi kusa.

A tsakiyar masarar mutane motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru.

Na jijjiga ta. Na sa baki a tanki na hura har idona ya yi ja. Na tura ta ni kaɗai don ta karkata, na yi mata magiya, na zagi wanda ya ƙera ta. Ina cikin haka waya ta yi ƙara.

"Baba, kana ina? An gama wanka, kai ake jira."

"Ga ni nan, Kabiru, na kusa."

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya tofa mini yawu, na yarda. Wani mai babur ya ɓullo da buhun taki a baya, ya nufi wajen garinmu, kuma ya san ni. Ya tsaya, ya dubi motar, ya dube ni, ya yi ɗan murmushin nan.

"Alhaji, ba dai mai ba?"

Likkafanin yana nan kan kujera, miƙa hannu kawai zan yi in ce ya kai gidan rasuwa. Amma murmushin ya tsaya mini a wuya. Na hango shi a bakin masallaci yana ba da labari, ana dariya ƙasa-ƙasa. Sai na ɗaga murfin inji, na ɗaure fuska kamar wanda ya san abin da ke ciki.

"Wane irin mai? Fulogi ne, yanzu za ta tashi. Je ka abinka."

Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tafi. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa har masara ta haɗiye shi.

Kabiru ya sake kira, na ce na shigo gari. A kira na uku ko sallama bai tsaya yi ba.

"Baba, hadari ya haɗo. Masu haƙa sun ce in ruwan nan ya sauko kabarin zai cika. Don Allah ka gaya mini gaskiya, in aiki wani?"

"Minti biyar," in ji ni. Na kashe wayar.

Sai da aka fara yayyafi na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na cusa ledar cikin riga na kama hanya da ƙafa. Tsoho da ciwon gwiwa, ga taɓo, takalmi ɗaya ma a can na baro shi. Ina isa bakin gari na haɗu da jama'a suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Ba wanda ya zage ni. Darewa suka yi suka ba ni hanya, na ratsa tsakiyarsu a jiƙe, rungume da leda kamar ɓarawon kaza. Da sun zage ni da na ji sauƙi.

Kabiru ya ce, "Sannu da hanya, Baba." Ya dubi ƙafata, ya ƙara da cewa, "Da ka ce mai ne, ai da mun gane." Ya wuce.

Ban sallaci Iliya ba. Ban ɗauki makararsa ba, ban zuba masa ƙasa ko tafi ɗaya ba. Abokin shekara sittin.

A wurin zaman makoki na ji yadda aka yi. Da jira ya ƙi ƙarewa, Alhaji Tanimu, dattijon da ya girme mu duka, ya sa aka buɗe akwatinsa aka ɗauko nasa likkafanin. Daga Makka ya zo da shi, ya wanke shi da zamzam, shekara da shekaru yana ajiye yana jiran ranarsa. Shi aka sa wa Iliya.

Washegari na shanya wanda na sayo ya bushe, na ninke, na kai wa Alhaji Tanimu. Na durƙusa na ce ga madadi, ya yafe mini. Ya shafa yadin da yatsa, sannan ya turo mini abina.

"Wancan Allah ya nuna na Iliya ne, ni ajiya aka ba ni. Wannan kuma riƙe shi, naka ne. Ka ajiye shi kusa, don kada ranar a aiki irinka."

Na karɓa. Yana cikin akwatina yanzu, kuma na nuna wa uwargida wurin. Mai dai yana ƙare wa kowa, har mai tanka. "Ga ni nan" ce ta kashe ni, ita ce ba ta da gidan mai. Na kuma bar wasiyya a gida: ranar da na cika, duk wanda ya miƙe a cikin taro ya bugi ƙirji ya ce a bar masa wani aike, a yi masa godiya sosai, a karɓe makullin motarsa.