Yadda Za Ka Zama Alƙalin Ɗan Aiken Kwamfuta Ko Bihim Ba Ka Sani Ba

Ni ne Ilu Maƙeri na Ƙofar Ruwa. Agana ta kama ni ta sake ni, rijiya ta rufta da ni na fito da ƙafata, boko ta biyo ni har gida ba ta same ni ba. Ni nake faɗa, waya tana rubutawa. Bi matakan nan, in ba a kira ka gwani ba kafin Juma'a, ka zo maƙera ka same ni.

Mataki na 1: Haifi 'yar da za ta yi karatu

Wannan da wuri ake fara shi. Tawa Bahijja ce. A kamfaninsu akwai wani ɗan aike cikin kwamfuta, ba mutum ba, ba aljani ba, mai buɗe wa mutane shafinsu babu kalmar sirri. Zai nemi izini, mai shafin ya ɗora yatsa a wayarsa, sai a buɗe. Aikin Bahijja ta rubuta masa kwatancen yadda zai yi, sannan a auna ko kwatancen ya kai shi.

Mataki na 2: Cika baki tun ba ka gane ba

Je majalisa ka ce kamfanin ba ya sakin aiki sai ka duba. Da na faɗa, Mailafiya mai gyaran keke ya ce, "Kai Ilu, da ko sunanka dangwala shi kake yi?" Na ce ranar Juma'a bayan La'asar zan nuna masa a gaban kowa. Ka ga yanzu mutuncinka na shekara saba'in yana kan tabarma. Ƙwarewa ta zama dole.

Mataki na 3: Sa a karanta maka, ka lumshe ido

Lumshe ido rabin ilimi ne. Bahijja ta zo ranta a ɓace, ta ce, "Baba, ɗan aiken nan ya haukace. Sau arba'in yana neman izini, har aka toshe shafin."

"Karanto abin da kika gaya masa."

Ta karanta: je ka, nemi izini, in ba a amsa ba ka sake.

"To yaushe zai daina?"

"Ban rubuta ba."

"Ashe ke ce ba ki yi masa tarbiyya ba. A cikin garin nan wa yake tsayawa a ƙofar zaure yana rafka sallama arba'in? Uku ake yi. In shiru, ka juya, ka gaya wa wanda ya aike ka. Kuma ba ka leƙe ta katanga."

Ta kalle ni, sannan ta jawo kwamfutarta.

Mataki na 4: Kwashe yabon gaba ɗaya

Ta gyara kwatancen, suka gwada sau ɗari, ɗan aiken bai sake buga wa kowa ƙofa ba. Shugabanta ya yaba mata. Kada ka damu, ladan na mahaifi ne.

Mataki na 5: Duba babban yatsanka kafin taro

Wannan matakin ni ban yi shi ba, shi ya sa na san amfaninsa. Juma'a ta zo, majalisa ta cika, har mai rake ya ajiye baro. Bahijja ta buɗe min shafi da safe da ɗan yatsana ƙarami, ni kuwa na manta. Ko na tuna ma, a gaban jama'a wa zai miƙa ƙaramin yatsa? Na ɗora babban, wanda shekara hamsin yana shan wuta da ƙarfe, ya zama sumul kamar bayan cokali.

Ɗan aike ya nemi izini, na danna. Shiru. Ya sake, na tofa yawu na goge a riga. Shiru. Na uku ma haka. Sai ya rubuto, Bahijja ta karanta a hankali: "Mai gidan bai amsa ba, na koma."

Mailafiya ya riƙe ciki. "Ilu, ɗan aikenka bai san ka ba."

Na ce, "Sau nawa ya yi sallama?"

"Uku."

"Ya ƙara?"

"A'a."

"Ni da kaina ya ƙi buɗe wa, balle ɓarawo. Wa ya koya masa?"

Mailafiya ya yafito mai rake. Shi ya saya min rake.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan aka toshe masa shafi, ko majalisa ta sa masa suna, babu ruwan Ilu. Ban sa hannu a komai ba, in ma na dangwala, ku je ku nemo zanen yatsan.