Nomau da Takardar Lome

A garinmu Tungar Maje, in ka bi ta bayan masallaci, gida na uku shi ne gidan Inna Hansai. Mutum uku ne a cikinsa: ita tsohuwar, da ɗanta Nomau, da matarsa Kande, wadda Allah ya hore wa haƙurin da ban taɓa gani ba. Nomau ba mahaukaci ba ne, kada ku ɗauki alhakinsa. Ƙarfi gare shi kamar bijimi, ga ladabi, ga riƙon amana. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Kande ta taɓa ce masa ya ba irin albasa ruwa har ta dawo daga gidan suna. Ta dawo ta tarar agwagin maƙwabta suna iyo a cikin fangalin.

Akwai mutum na huɗu da gidan ya rasa. Yalwa, yayar Nomau, ta bi mijinta mai tsire zuwa Lome shekara goma sha tara ke nan. Mijin ya rasu a can. Bayansa mahaifinsu ya rasu a nan, ba ta samu zuwa ba, daga nan kuma sai shiru. Ni Barmo, da na yi shekara ashirin da shida ina jan motar albasa zuwa Lome, na neme ta a Zango, unguwar Hausawa, gida gida. Alhaji Arzika, dillalin da muke sauka wurinsa, shi ma ya nema har ya gaji. Iyakar abin da muka samo shi ne wai tana dafa abinci a wani wuri bakin teku. Idon Inna Hansai kuwa sai dushewa yake yi, kullum maganarta ɗaya, tana so ta ga 'yarta tun tana iya gane fuska.

Wata rana, bayan an cire albasa, Nomau ya ce shi zai je. Aka yi ta dariya a dandali, ni ma na yi. Tsohuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Je ka. In ka gan ta, ka ce mata ban yi fushi ba." Sai tausayinta ya kama ni, na zauna na rubuta masa Lome a takarda ɗaya, gaba da baya: inda zai sauka, abin da zai gani, inda zai ci. Na zuba sanina duka, har da ɗan alfahari, don babu wanda ya san garin nan kamata a duk gundumarmu. Na ce, "Nomau, abin da ke cikin takardar nan shi za ka bi." Ya ce, "To, Baba Barmo." Da na san abin da wannan "to" ɗin zai jawo, da na tauna kowane layi kafin in rubuta.

Wata rana, washegarin saukarsa, ɗan acaɓa ya kai shi bakin teku. A takarda na rubuta: "Kafin ka ga teku za ka ji ta. Iska ce mai gishiri, tana manne wa jiki, ga itatuwan kwakwa a jere, ga manyan jiragen ruwa can nesa suna jiran layi. Ka tsaya ka more. Amma kada ka juya wa teku baya." Na rubuta haka ne don igiyar ruwa ta taɓa kwashe mini takalma da hula ina kallon wata mai lemo. Nomau ya tsaya ya more, ya ɗanɗana ruwan ya tofar, ya ce wani ya yi ɓarnar gishiri. Da lokacin komawa ya yi, sai ya lura teku na kudu, Zango na arewa. Ya hau babur ya zauna baya da baya da mai tuƙi, fuskarsa na kallon teku. Ɗan acaɓan ya yi magana da Faransanci, ya yi da yarensu, ya yi da hannu, Nomau sai nuna masa takarda yake yi. Haka suka ratsa gari, motoci na ta yi musu oda, mata na leƙowa daga shaguna. Alhaji Arzika ya ce da ya hango su ya ɗauka an ɗauko wani mara lafiya ne. Tun daga ranar, duk inda Nomau za shi a Lome, in tafiyar ta nufi arewa, da baya yake yin ta.

Wata rana ya nufi babbar kasuwa. Can na rubuta masa: "Atamfa hawa hawa, da mata masu dukiya zaune a kanta. Ka gai da duk wanda ya girme ka." Ni ladabi nake nufi. Nomau ya tsaya a bakin ƙofa yana tare mutane ɗaya ɗaya, yana duba furfura. Wanda ya yi shakka a kansa sai ya tambaye shi shekarunsa da yatsu. Daga hantsi har la'asar bai wuce rumfa ta biyu ba. Wata dattijuwa mai atamfa ta gaji da ganinsa yana durƙusawa a rana, ta sa aka ba shi kujera da ruwan kwakwa, ta koya masa gaisuwar garin. Ya dawo masauki muryarsa a dishe. Alhaji Arzika ya ce, "Me ka gani a kasuwa?" Ya ce, "Tsofaffi, Alhaji. Garin nan ba a mutuwa."

Wata rana da safe ya je ganin tsohuwar gadar Turawa, wadda ta shiga cikin ruwa ta karye a hanya. A takarda, ƙarƙashin bayanin gadar, na ƙara layi: "In ka ga masunta suna jan igiyar taru, ka kama musu, mutanen kirki ne." Ya kama kuwa. Mutum talatin suna ja suna waƙa, da Nomau ya sa hannu sai tarun ya taho kamar an kira shi. Kifi ya zube a yashi yana ƙyalli, shugabansu, wani mai suna Kosi, ya rungume shi. Da a nan ya tsaya da an yabe ni. Amma can gefe ya hango wasu masunta riƙe da igiya, suna sassauta ta a hankali don kwalekwale ya shiga ruwa. Nomau ya ruga ya kama, ya ja da ƙarfin da Allah ya ba shi. Kwalekwale ya dawo tudu da mutum shida a ciki, suna tuƙi suna mamakin yadda gari ke matsowa. Kosi ya yi dariya har ya kwanta a yashi. Ya ba shi kifi biyu manya, ya roƙe shi da hannu da ido kada ya ƙara taɓa igiya sai an kira shi.

Amma layin da ya fi jawo mini zagi shi ne na abinci. Na rubuta: "Ka ci gasasshen kifi da barkono a rumfunan bakin ruwa. Ka ci sakwara inda ka ji ana daka, da miyar kifi, don ka huta da tambayar yanka. In ka ƙoshi, ka gode wa wanda ya dafa, ba wanda ya miƙo kawai ba." Wannan tarbiyyar uwata ce, na sa ta don ado. Wata rana Nomau ya ci sakwara ya ƙoshi, ya wanke hannu, ya ɗaga labule ya shige madafa. Ƙattai uku masu daka suka tsaya da taɓare a sama. Ya durƙusa ya gode musu ɗaya ɗaya, sannan ya nemi mai miya. Washegari ya yi haka a rumfar kifi, mai rumfar ta bi shi da ludayi don ta ɗauka sirrin yajinta ya zo sata. A wani shagon Balarabe an fito da shi ta ƙofar baya, yana tafe yana godiya. Cikin mako ɗaya babu madafar da ke bakin ruwan nan da bai leƙa ba, ban da ta manyan gidajen abinci.

Alhaji Arzika ya kira ni a waya ransa a ɓace. "Barmo, wane irin baƙo ka turo mini? Kullum sai an kawo ƙara." Na ce a ba ni shi. Na ce, "Nomau, ka daina shiga madafar mutane."

Ya ce, "Ba haka takarda ta ce ba, Baba Barmo."

"Ni na rubuta takardar!"

"To ka rubuto wata, in ta iso sai in bi."

Na kashe waya ina huci. Da na fito sai na ga Inna Hansai zaune a ƙofar gida, ta juyo da kunnenta wajena tana jiran labari. Na lallaɓa na wuce. A raina na riga na yanke ƙauna, kuma na ji kunyar tura wawa aikin da ya gagari masu wayo.

Wata rana, ranar da motar albasa za ta juyo gida, Nomau ya karanta layin ƙarshe. Ga abin da na rubuta: "Kafin ka bar Lome, ka shiga irin wuraren nan masu farin ƙyalle a kan tebur, ka zauna kana kallon teku, ka ci abinci kamar babban mutum." Yau zan faɗi gaskiya: ni kaina ban taɓa shiga ba. Shekara ashirin da shida ina wucewa ta gabansu ina leƙe, ban taɓa samun ƙarfin zuciyar taka matakalar ba. Na rubuta ne don a ce Barmo ya san ko'ina. Nomau kuwa bai san tsoron matakala ba. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zaɓi wanda ya fi kowanne farin ƙyalle, ya hau, ya zauna. Aka kawo masa littafin abinci, ya nuna hoton kifi. Aka jera masa cokula huɗu, ya yi amfani da kowanne bi da bi don kada wani ya ji an raina shi. Ya ci, ya ƙoshi, ya yi hamdala, ya miƙe neman mai dahuwa.

To, teburinsa na kudu, madafa na arewa. Da baya ya tafi. Ya ratsa tsakanin tebura, Turawa na janye kujeru, ya banke ƙofar madafa da bayansa daidai lokacin da wani ma'aikaci ke fitowa da tire. Faranti suka tarwatse, miya ta wanke bango. Sai wata mata mai farar hula ta taso daga gaban murhu, ma'aikata na kiranta Tanti, wato gwaggo. Haushi ya sa ta manta da Faransanci, bakinta ya koma gida.

"Innalillahi! Wane irin wawa ne wannan? Ɗan gidan wa ne?"

Kowa ya san irin wannan tambaya ba amsa take nema ba. Kowa, ban da mutum ɗaya. Nomau ya durƙusa cikin fasassun faranti, har yanzu bayansa ne ke wajenta, ya ce, "Nomau ne, ɗan Inna Hansai, na Tungar Maje, gida na uku bayan masallaci. Na zo godiya. Kifin ya yi daɗi."

Matar ta zagayo gabansa, ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta daɗe tana kallo. Ta bar shi yana ɗan shekara goma sha biyu, ga shi yau da gemu.

"Nomau, ni ce. Yalwa ce."

Ya dube ta sosai. "In ke ce, akwai saƙo. Inna ta ce in ce miki ba ta yi fushi ba."

Yalwa ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka. Daga baya ta gaya mana kunya ce ta riƙe ta. Ta kasa zuwa ta'aziyyar mahaifinta, shekara ta zagayo kunyar ta ƙaru, har ta ga ba ta da fuskar da za ta nuna wa uwarta. Ta bar Zango don kada a gan ta, ta shige bayan wannan ƙofa, inda ta san babu Bahaushen da zai leƙo. Ta yi daidai kuwa. Mu masu wayo duk a bakin ƙofa muka yi ta tambaya, wasunmu ma ko matakala ba mu taka ba.

Motar albasa ta juyo da mutum biyu. Ina tsaye a wurin lokacin da Inna Hansai ta jawo fuskar 'yarta kusa da idonta, kusa sosai, ta ce, "Kin yi furfura." Sannan ta ce, "Alhamdu lillahi, na gani." Ni da ban yi hawaye ba ranar da motata ta ƙone a hanya, ranar nan sai da na juya na fuskanci katanga.

Washegari da rana aka yi tuwo da miyar kuka, aka aiko mini, na je muka ci tare da Nomau a zaure. Ya ƙoshi, ya wanke hannu, ya miƙe. Na ce, "Ina kuma za ka?" Ya ce, "Godiya." Na bi shi a baya. Muka tarar da su a gindin murhu, tsohuwa na riƙe da muciya, Yalwa na riƙe da hannun tsohuwa, Kande na iza wuta tana dariya.

Nomau ya tsaya ya rasa ta yi. Ya ce, "Wa ya dafa?"

Inna Hansai ta ce, "Mu duka."

Ya durƙusa ya gode musu ɗaya ɗaya. Ni ma, da gwiwata mai ciwo, na durƙusa a bayansa.